Cigiyar Mota ta Bakwai

Babana mai walda ne, kuma duk unguwar Nima an san shi da taurin kai. Ni ma a wurinsa na gada, shi ya sa ba ma kwana uku ba mu yi ka-ce-na-ce ba. Garejinsa wata rumfar kwano ce kusa da babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi, kuma a nan ya yi shekaru yana ƙera ƙofofi da tagogi da kujerun trotro, wato motocin haya.

Wata shekara wasu Turawa suka ratso hamada da mota mai ɗaki a ciki, ƙarfen ƙarƙashinta ya tsage, aka nuna musu garejin Baba. Aikin na yini ɗaya ne, amma sai da motar ta kwana uku a wurinsa. Sauran kwana biyun kallo ya yi. Ya buɗe kowane kabad, ya auna gado da tafin hannu, ya leƙa tankin ruwa da wurin tukunyar gas. Da suka tafi ya dawo gida ya ce wa Umma, "Ashe ba sihiri ba ne, ƙarfe ne da katako."

Daga nan ya fara karɓar tsofaffin motocin haya yana mayar da su ɗaki. Gado biyu, na sama da na ƙasa, da murhun gas, da famfon alwala daga waje, gefen ƙofa, wanda shi kam Turawan ba su da shi. Fataken goro da na albasa masu zuwa Bawku da Nijar su suka fi so, don sun gaji da kwana a kan kwali a tasha. Wani malami mai yawon wa'azi ma ya sa an yi masa. A cikin 'yan shekaru Baba ya yi guda bakwai, mutanen Zango, wato unguwanninmu na baƙi, suka sa musu suna ɗaki-da-taya. Ni kuwa lokacin ina koyarwa a firamare, ina zaune a gida, kuma wallahi ina alfahari da motocin nan fiye da yadda nake nuna masa.

Ran wata Litinin da safe malamin nan ya kawo tasa don a gyara masa ƙofa. Baba ya shiga, ya tsaya cak, ya ja hanci. Ya cire allon da ke bayan murhu. Tiyon gas ɗin ya ratsa ne ta wata huda da Baba ya yi a bangon ƙarfe, kuma girgizar hanya ta sa bakin ƙarfen yana cin tiyon a hankali, har ya kusa huda shi. A motar Turawan akwai wani zoben roba a bakin hudar. Baba ya gan shi a lokacin, ya ɗauka kwalliya ce, bai sa ba. Haka ya yi a duka bakwai ɗin.

Da rana ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Ya miƙo mini wayarsa, don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, ya ce in kira masu motocin ɗaya bayan ɗaya, in ce su rufe tukunyar gas kada su sake kunnawa sai sun kawo. Wani ɗan yayansa da ke Jamus ya taɓa gaya masa cewa a can in kamfani ya gano aibi a motocinsa, wasiƙa yake aika wa duk wanda ya saya, ya dawo da ita a gyara. Abin ya zauna masa a rai tun lokacin.

Cikin mako guda, motoci biyar suka zo, da ta malam shida ke nan. Gyaran ma ba wani abu ba ne, sabon tiyo da zoben roba, kafin ka shanye koko an gama. Ta bakwai ce ta ɓace. Mai ita, wani bafataken goro, ya tsufa ya koma gida Nijar, ya bar wa dillali a unguwar Tudu ya sayar. Baba ya je Tudu ya nemo dillalin, shi kuma ya ce wani daga arewa ne ya saya wa 'yar uwarsa, bai riƙe suna ba, bai riƙe lamba ba, kuma ya ji an sake mata fenti. Wato akwai wasu bayin Allah a kan hanya, suna girki suna barci a cikin motar da Baba ya ƙera, kuma ba su san abin da ke bayan murhunsu ba.

Ran Alhamis bayan la'asar ya ce gobe zai ba da cigiya a masallacin Juma'a.

A Zango lasifikar masallaci ita ce jaridarmu. In an yi rasuwa a nan ake ji, haka ɗaurin aure da suna, haka in tunkiya ta ɓata. Mutanenmu sun fito daga ko'ina, Dagomba da Busanga da Zabarmawa da Kotokoli da Hausawa, kuma abin da aka faɗa a Nima da azahar, kafin magariba ya kai unguwar Alajo. Amma tunda nake ban taɓa jin mutum ya hau lasifika ya yi shelar laifin kansa ba.

Na ce, "Haba Baba! So kake ka kashe sunanka da bakinka? Ka ce kawai kana yi wa tsofaffin kwastomominka gyara kyauta, mai motar zai zo."

Ya ce, "In na ce kyauta ce, zai zo ran da ya samu sarari. In na ce tana iya kashe shi, yau zai zo."

"To ka ce tiyon ne marar kyau aka sayar maka a kasuwar Makola."

Ya dube ni irin kallon da yake wa ƙarfen da ya lanƙwashe. "Mai tiyo me ya yi mini? Tiyonsa lafiya lau. Ni na huda, ni na bar hudar tsirara."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce masa shekara nawa motar tana yawo ba abin da ya faru, wataƙila ma mai ita ba ya girki a ciki, wataƙila an cire murhun tuni. Na ce ya tuna yana da iyali. Umma tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ke, bar shi. Kin taɓa ganin an juya shi?" Na shige ɗaki na bugo ƙofa.

Ran Juma'a bayan an sallame, ladan ya fara karanta cigiyar yana ta kwana-kwana, wai ana neman wata mota domin wani ɗan duba. Sai na ji muryar Baba ta karɓe lasifikar. Ni ina ɓangaren mata.

Ya ce, "Jama'a, ni ne mai waldar bayan kwata, mai yin ɗaki-da-taya. Na yi kuskure a wurin gas, kuskuren da zai iya tayar da wuta ya kashe mutum. Na gyara shida, saura ɗaya ban san inda take ba. Don girman Allah duk wanda ya san mai ita ya ce ya rufe gas ya kawo mini. Laifina ne, ba na kowa ba."

Ya maimaita da Turancinsa na gareji, ya sake maimaitawa da Twi, yaren mutanen ƙasar. Mata suka yi ta juyowa suna kallona. Wata tsohuwa ta ce, "Ba babanki ba ne wannan?" Na ja mayafi na rufe fuska, na fita ko takalmi ban sa daidai ba. Kunya ta ishe ni ran nan, kuma na ji haushinsa sosai.

Bai tsaya nan ba. Ya je masallatan Mamobi da Alajo, ya je Tudu ya bi direbobin manyan motoci masu zuwa arewa ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu. Abin da na ji tsoro kuwa ya faru. Wani Alhaji da ya kawo mota a mayar masa ɗaki ya aiko aka janye ta ba ko sallama. 'Yan zaman benci in ya wuce sai su ce, "Masta, yau bam nawa ka haɗa?" Sai ya ɗaga musu hannu ya wuce. Ni kuwa gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Amma ina ganin yadda yake ajiye cokali duk lokacin da rediyo ta ambaci hatsari a hanyar arewa, ba ya ɗauka sai ya ji ba gobara ba ce. Ya rame a 'yan kwanakin nan.

Kwana tara bayan cigiyar, ran Lahadi da hantsi, Umma ta aike ni in kai masa waken da ya ƙi ci a gida. Ina isa sai ga wata koriyar mota tana kutsowa cikin lungu, rufinta cike da kwanduna. Baba ya gane ta tun daga nesa, ta famfon alwalar. Ya jefar da abin waldar ya nufe ta da gudu, tsoho da shi.

Wata Hajiya ce ta sauko, ƙatuwa, mai fataucin bandar kifi da daddawa, ita da 'yarta mai goyo da direbansu. Hausarta irin ta mutanen Bawku ce. Ta ce, "Kai ne mai waldan? Wani direba ya tare ni a Kintampo, ya ce motan nan zai kashe ni. Na ce wane ne ya faɗi? Ya ce wanda ya yi shi ne ya faɗi, a masallaci. Na ce to, wannan ba wasa ne ba."

Baba bai tsaya gaisuwa ba, ya shiga ya cire allon. Ya ciro tiyon ya fito da shi rana, ya ɗan lanƙwasa da yatsa biyu, sai ga shi ya buɗe baki. Ya riga ya huje. Ya tambaye ta ba ta jin wari? Ta yi dariya ta nuna kwandunan, ta ce mai kwana da kifi da daddawa wane wari zai ji? Ta ce takan rufe tukunyar in ta gama girki, amma wani lokaci gajiya takan sa ta manta. Sannan ta ce ita dai abin da ba ta mantawa shi ne kunna maganin sauro mai hayaƙi, saboda jaririya, a nan ƙasa kusa da gado take ajiye shi.

Baba ya zauna daɓas a ƙasa, cikin baƙin mai da ɓurɓushin ƙarfe, tiyon yana hannunsa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Yana ta cewa alhamdu lillahi, muryar ba ta fita sosai. Hajiya ta daina dariya. Ta dube shi, ta dubi tiyon, ta ce, "Masta, tashi. Allah ya yi ma albarka. Tashi ka gyara."

Za a fitar da kaya don ya samu wurin aiki, sai 'yarta ta kwance goyon ta miƙo mini ta ce, "Anti, riƙe mini." Yarinya ce 'yar wata biyar, da 'yan kunne ƙanana, tana ta barci. Uwar ta nuna gadon ƙasa, wanda ke manne da allon murhu, ta ce nan ne wurin kwananta. Na tsaya a tsakiyar gareji ina rungume da ita, numfashinta yana taɓa wuyana. Wannan ce na ce wa Baba ya yi shiru a kanta, don kada mata su kalle ni a masallaci.