Karɓa Kafin Aikawa

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku a mota, za mu duba abokin aikinmu Habibu. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, baki ya rufe, aka mai da shi gidan mahaifiyarsa a wani ƙauye bayan Gwiwa.

Ni da shi muke rubuta manhajar da ke haɗa manyan kwamfutocin wurin aikinmu ta hanyar RDMA, wato wata kwamfuta ta zuba bayanai kai tsaye cikin ma'adanar wata ba tare da ta katse mata aiki ba. Kowace kwamfuta sai an buɗe mata ƙofarta. Ni ke da ƙofar wannan ɓangare, shi ke da ta wancan, kuma tun da ya kwanta ban iya taɓa tasa ba, zuciyata ta ƙi.

A Dambatta muka sha koko da ƙosai. Direbanmu ya yi ta mitar ƙosan ya ƙanƙance, amma shi ya share kwanon. Daga nan muka ci gaba da tafiya. Duwatsun Kazaure suka bayyana, damina ta yi musu kore, gero ya fara fitar da kai. Bayan Gwiwa ruwa ya cinye hanya, dole muka ajiye mota muka hau babura, taɓo har gwiwar wando.

Mun same shi kwance a kan katifa, idanu a buɗe, hannun hagu kaɗai ke motsi. Na gaishe shi, shiru. Wallahi sai da na kau da kai, don wannan mutum ne da in ya kama musu sai an roƙe shi ya sha ruwa.

Mahaifiyarsa ta kira ni waje. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Ɗan nan, ku da kuka san shi a wurin aiki, yaron nan yana jin mu kuwa? Ko jikin ne kawai ya rage mini?"

"Inna, ki ba ni dama in gwada wani abu."

Na koma na zauna kusa da hannunsa mai motsi, na ce masa ƙofata ta ƙi haɗuwa, zan faɗa masa yadda na yi. A aikin nan akwai tsarin da ba a tsallakewa: a kafa ƙofa, a yi musayar adireshi da ɗaya ɓangaren, ƙofar ta shirya karɓa, sannan ta shirya aikawa. Shi ya koya mini, da faɗa ma. Da gangan na juya na ƙarshen. Na ce, "Na kafa ƙofa, mun yi musayar adireshi, sai na sa ta shirin aikawa..."

Hannun ya bugi katifa.

Na yi kamar ban gani ba, na sake faɗa a juye. Ya sake buga ta da ƙarfi, ya harare ni irin hararar da na sani a ofis. Da na ce, "To, shirin karɓa tukuna," sai yatsun suka saki, ya lumshe ido.

"Me ya ce?" in ji Inna daga bakin ƙofa.

"Inna, ya ce ban iya aikina ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta jawo tabarma har gefen katifar ta zauna, mu kuwa muka fita muka ba su wuri.

A hanyar dawowa, har muka wuce Kazaure hankalina yana kan Habibu. Ina ta tunanin duk maganar da aka yi a kansa yana kwance, ana shawara, ana jimami, ana ta cewa "da yana da lafiya", shi kuwa yana ji. Na ɗaukar wa kaina cewa ba zan ƙara magana a gaban marar lafiya kamar ba ya wurin ba.

Mun shigo Kano ana kiran magariba, sai matar Habibu, wadda ke jinyarsa a can, ta kira ni a waya. Ta ce Inna ba ta fito daga ɗakin ba tun tafiyarmu, abincinta ya huce. Tana ba shi labarin gona da na waɗanda suka haihu a gari, tun daga ranar da ya kwanta.