Jere a Bargar Dawakai

Ranar da 'yata ta turo hoton gidan da za ta tare a wani ƙauyen Ingila, ina kicin a gidanmu na Nu'aija, a ƙasar Qatar. Na ƙura wa wayar ido har albasa ta ƙone. Bangon dutse ne, ga zobban ƙarfe a jikinsa. Da na tambaya sai ta ce tsohuwar bargar dawakan wata gona ce aka mayar gidan zama, hukuma ta sa ta cikin gine-ginen tarihi. Har da alfahari take faɗa. Likita guda, ta rasa inda za ta zauna sai turken doki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jere. Na cika akwatuna da labule da kwanuka daga kasuwar Wakrah na aika, sai ga doka: ba a buga ƙusa, ba a shafa fenti. Kuma babu gwaggo ko inna a can da za ta shirya mata ɗaki. Tsorona kada ta shiga gidan miji kamar 'yar haya.

Ƙawayena, matan abokan aikin maigida, suka ce ba za a yi haka suna raye ba. Ranar Juma'a bayan la'asar suka cika falona, aka kira 'yata ta bidiyo, aka jingina waya da butar shayi. Uwa ba ta jere, don haka na koma gefe, wai ba ruwana. Ban jima ba na fara ba da umarni daga bakin ƙofa.

Ango ne ɗan aike a can. A ɗaga, a sauke, yalla maza a matsar da gado, bawan Allah har da gumi. Babbar cikin ƙawayena ce ta ce a zura igiya a zobban nan a rataya labule. Komin dutsen da dawakai suka ci abinci a ciki aka shimfiɗa masa farin ƙyalle, aka jera kwanuka. Muka yi ta dariya, suna tsokanata wai surukar dawakai. Wallahi ɗakin ya yi kyau, kuma ko ƙusa ba a buga ba.

Da aka gama, ɗayarsu ta rangaɗa guɗa. 'Yata ta zauna a bakin gado, sannan ta matso kusa da wayar.

"Mama, sai yau na ji an yi mini aure."

'Yar fari ce, ban taɓa furta sunanta ba saboda kunya. Na ɗauke wayar daga jikin butar, na kira ta da sunanta a gaban kowa.