Kayen da na rubuta a Gazawa

Shekarar da aka buɗe jam'iyyu ina aji uku a kwalejin Gazawa. Kowa bakinsa ya buɗe, har mu 'yan lakol, wato 'yan makarantar boko. Littattafan soyayya da direbobi ke shigo da su daga ƙetaren iyaka sun cika mana kai, ni kuwa da rawar kaina na ce ai ni ma zan iya. Na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai shafi ɗari na fara rubuta nawa.

Labarin ba ni na ƙago shi ba. Na ƙawata ne, 'yar wani ƙauye kusa da Cadawa, wadda iyayenta suka damƙa wa wani mai masauki don ta yi karatu. Wata rana muna wanki ta gaya mini abin da mutumin ya yi mata sa'ad da matarsa ta tafi biki. Ta sa na rantse. Na rantse kuwa, sannan na je na rubuta, wai ai na canza kome.

Shi na canza shi tsaf, don tsoronsa nake, mutum ne mai baki a gari. Na mai da shi baƙon ɗan kasuwa mai haƙorin zinariya. A ƙarshe na sa samarin unguwa suka tare shi a hanyar kasuwa suka yi masa lilis. Da na kai nan har daɗi na ji, wallahi. Ita kuwa yarinyar na bar ta bahaguwa, mai tabon ƙuna a wuyan hannu, mai zuwa a amalanke ranar Lahadi. Sakarci dai iya sakarci.

Da na gama na ba 'yan matan makarantarmu su karanta. Al'adarmu ce duk wadda ta karanta littafi ta yi rubutu a gefen shafi kafin ta miƙa wa ta gaba. Da kayen ya dawo mini bayan mako biyu, gefe ya cika da rubutun alƙalamin bik kala-kala. Na duba shafi bayan shafi, ba wadda ta tambayi ko wane ne mutumin. Wata ta rubuta cewa yarinyar ita ta kai kanta. Wata ta lissafa bahagwai uku na makarantar, ta soke biyu.

Daga nan kallo ya fara. A aji idanu na bin hannun da kowa ke riƙe alli da shi. Ƙawata ta koma sa riga mai dogon hannu cikin zafin bazara, tana kokawar rubutu da dama. Ni ma na daina yarda da kowa, duk wadda ta yi mini murmushi sai in ce bugun ciki take.

Samarin ajinmu ma sun karanta. Suka tare ni bakin famfo suna buga ƙirji, wai su ma za su yi irin na littafin, in faɗa musu yarinyar kawai su rama mata. Na ce in ramuwa ce, me ya sa sunanta suke nema? Sai suka kalli juna suna 'yar dariya. Haushi ya sa na watsa musu ruwan bokitina.

Na ƙone kayen, amma an riga an kwafe shi.

Ranar Juma'a na iske ƙawata a tasha da ƙullin kayanta, tana jiran amalanken garinsu. Na fara rantsuwa cewa ban faɗa wa kowa ba. Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Shi kin rufa masa asiri da kyau," in ji ta. "Da ni kika yi wa rabin haka, da ina aji yanzu."

Muna tsaye mai masaukin nata ya zo wucewa bisa babur, ya tsaya ya ce ta gaida masa babanta. Ta durƙusa ta amsa. Ni ma na durƙusa.