Ranar da Aune Ta Ɗora Babbar Tukunya

A ɗakin surace aka haifi Aune Tervo, can kan tsibirin da ke tsakiyar tabkinmu, kamar yawancin sa'o'inta a wannan lungu na Kainuu. Uwarta da kanta ta hura wutar da safe, ta share daɓe, sannan ta aika a kira ungozoma. Kafin kwalekwalen ungozomar ya iso, jaririya na ta tsala ihu. Mutanen ƙauye suna cewa tun ranar Aune ba ta ƙara jiran kowa ba.

Ta yi girki a sansanin masu saran itace tana budurwa, ta auri Kalervo direban babbar mota, ta haifi 'ya ɗaya tilo, Marjut. Da iyayenta suka rasu sai ta gyara bukkar tsibirin, ta shiga ba 'yan birni haya duk bazara. Kalervo ya mutu, ba ta fasa ba. Ita ke ɗauko baƙi a bakin ruwa, ita ke tuƙa su, kuma kaiton baƙon da ya ce a ba shi filafili ya taya ta.

Ba lantarki a tsibirin, ba hanya, ga sauro kamar an aiko su. Amma baƙi na zuwa daga Helsinki har daga Jamus, kuma ba don bukkar suke zuwa ba, don ɗakin suracen ne. Irin na dā ne, marar bututun hayaƙi: a wuni ana hura wuta ƙarƙashin tulin duwatsu, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, sai garwashi ya mutu a buɗe ƙofa ya fice. Daga nan a shiga, a watsa ruwa kan duwatsun, a sha zafi, a fito a guje a faɗa tabki.

To, kakar bara baƙin ƙarshe suka ga tsohuwa ta cika rowar itace, suka ɗura wa murhu har wuya. Daga gidanta na bakin gaɓa Aune ta hango hayaƙin da ba irin nata ba. Kafin ta isa, sai toka da duwatsu. Ta yi baƙin ciki ba kaɗan ba, amma ba wanda ya ga hawayenta.

Marjut ta bugo waya daga birnin Oulu.

"Mama, bukka babu surace ai ɗakin ajiya ce, wa zai kama ta? Ki sayar da tsibirin ki dawo wurina. Kin haura saba'in fa."

"Na san shekaruna, ina wurin aka fara ƙirga su."

"Mama, don Allah!"

"To, ji nan. In bikin tsakiyar bazara ya zo ba hayaƙi a tsibirin nan, kawo mai sayenki. In akwai, ki rufe min baki."

A haka suka tsaya. Sai dai gumaguman sake gina ɗakin ba sa tafiya a kwalekwale. A kan ƙanƙara ake jan su, cikin hunturu, lokacin da tabki ya daskare ya zama fili. Aune ta ɗauki zarton Kalervo ta shiga dajin bayan gidanta ita kaɗai.

Ga kuma halinmu na banza, ni ma yana ba ni haushi. A nan, wanda bai roƙe ka ba, ba ka kai masa ɗauki, don kamar ka ce masa ya gaza ne. Shi kuwa roƙon, gara mutum ya haɗiyi ƙusa. Maƙwabcinta Taisto, wanda suka yi makaranta tare, kullum sai ya wuce ta a kan babur ɗinsa na ƙanƙara, ya rage gudu, ya dubi gungumen da take fama da shi.

"Ana sanyi," in ji shi.

"Ana yi," in ji ta.

Shi ke nan, ya ja babur ya yi gaba. Haka aka cinye hunturu.

Rana ta fara daɗewa a sama. Ƙanƙarar tabki ta daina fari ta koma ruwan toka, da azahar ruwa na kwanciya a kanta. Aune ta dubi abin da ta tara, ko bango iya gwiwa ba zai yi ba, ga kafaɗarta ta dama ta ƙi ɗaguwa. Ta tsaya a bakin gaɓa tana jin tabki na gurnani daga ƙasa, tsoro ya kama ta sosai. In ƙanƙarar nan ta tafi, tsibirin ya tafi.

Ta ɗaura kallabinta na zuwa coci, ta nufi kantin ƙauye, inda tsofaffi ke zaman shan kofi a kusurwa. Ta sayi busasshen wake buhu guda, ta tsaya kusa da teburinsu, idonta na kan taga.

"Ran Asabar zan yi faten wake," in ji ta.

Tsofaffin suka dubi juna. Kowa ya san ma'anar maganar: ba a dafa faten wake a sanar sai don aikin gayya. Taisto, da ke cikinsu, ya daɗe yana juya cokali a kofinsa.

"A wace tukunya?"

"Babbar."

"Ta sansani? Ashe tana nan. Ki dai rage gishiri, tsohuwa, wancan karon kwana na yi ina shan ruwa."

"Wanda ba shi da haƙori ma ya sami bakin kushe girki," in ji Aune, ta saɓi buhunta da hannun hagu ta fita. Ba ta tsaya ba sai gida.

Asabar da safe ta ji rugugi. Ta leƙo, sai ga babura a jere, kowanne na jan amalanke marar taya, an lafta masa gumagumai. Ta matsa ta shafa ɗaya. An ɓare shi tas, ya bushe, an sassaƙe bakinsa inda zai hau kan ɗan'uwansa, har da alamar jan fenti. Wannan ba saran jiya ba ne.

"Taisto, yaushe aka sare waɗannan?"

"Satin gobarar."

"Sassaƙar fa?"

"Mun haɗa ɗakin a rumbuna, muka sake kwance shi. Tun ina yaro nake wanka a tsohon, na san inda nake buga kai."

Ran Aune ya ɓaci, kunya da daɗi suka haɗe mata wuri guda.

"Kana kallona ina jan itace kamar doki duk hunturu, ba ka ce uffan ba?"

"Ke kin ce?"

"Don me zan ce?"

"To, ni don me zan ce? In zo in ce Aune Tervo ta kasa, ki rotsa min kai da filafili?"

Sauran suka fashe da dariya. Aune ta ɗauki sandarta mai tsinin ƙarfe ta shige gaba, tana soka ƙanƙara tana nuna inda za ta ɗauki nauyi. Sahu bayan sahu suka ƙetare, ruwa na fallatsa daga ƙarƙashin amalanken. Suka sha fate a tsaye kan tsibiri, da baƙin burodi, Taisto ya yi ta ƙarawa yana mitar gishiri. A sahun ƙarshe ƙanƙara ta tsage a bayansu da ƙara kamar harbin bindiga.

"Hau mu tafi," in ji Taisto. "Gobe ko kare ba za ta ɗauka ba. In kika tsaya, makonni za ki yi nan, babur ba ya zuwa, kwalekwale ba ya wucewa."

"Na kawo gari da kofi, akwai itace a bukka. Toka ba za ta kwashe kanta ba, duwatsun gindi kuma sai an sake jera su. Ku tafi."

"Marjut za ta kashe ni."

"Ce mata ina aiki."

Ya dube ta, ya dubi tabkin, ya hau babur ɗinsa. Suka kama hanya ɗaya bayan ɗaya, suna kauce wa tsagar. Aune na tsaye a kan tokar ɗakin da aka haife ta, tana kallonsu suna ƙanƙancewa. Can sai ta haɗa tafin hannuwanta a baki.

"Taisto!"

Ya kashe babur, ya waiwayo.

"Ran da ruwa ya buɗe, ka zo! Ba zan iya ɗaga su ni kaɗai ba!"

Muryarta ta ratsa tabkin kaf, har waɗanda suka kusa gaɓa sun ji. Taisto ya cire hularsa ya ɗaga sama. Aune ta juya ta ɗauki shebur.