Ranar da Motar Muntaka Ta Yi Ta Zafi

Shekara ashirin da biyu Muntaka ya yi yana jigila tsakanin Ɗanbatta da Kano, har bayansa ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya miƙa wa mai mota makullinsa, ya dawo Tudun Gawo da niyyar ya yi noma ya huta. Hutun bai je ko'ina ba. A shekarar ne 'yan garin da ke neman abinci a kudu suka haɗa hannu suka aiko da wata tsohuwar bas don kai marasa lafiya asibiti. Aka zauna bayan sallar Juma'a ana neman wanda zai riƙa jan ta, sai kowa ya juyo yana kallonsa. Ba albashi, ba ko na goro, sai Allah ya saka da alheri. Ya ce to.

Motar kuwa ta ga duniya. Ƙofar gefe da igiya ake ɗaure ta. Batirinta ya mutu tun ba ta yi wata biyu ba, shi ya sa kullum a gangaren bayan masallaci ake ajiye ta, hancinta na kallon ƙasa, in kuma ta mutu a fili sai an tara majiya ƙarfi. Amma da shekarun wahala suka zo, fetur ya yi tashin gwauron zabo, motocin haya suka daina shigowa ƙauye, masu babur suka jingine, ita kaɗai ta rage wa jama'a. Da kaka kowane gida kan kawo abin da ya sawwaƙa na gero ko gyaɗa, a sayar a zuba mata mai, kafin damina ta yi nisa man ya koma na lallaɓawa. Muntaka ba ya barin injin nan ya yi numfashi ɗaya a banza. Ko liman ya gamu da shi a hanya, sai dai ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Masu naƙuda da waɗanda maciji ya sara da tsofaffin da hawan jini ya kayar, Allah kaɗai ya san iyakar waɗanda ya ɗauka. Sai dai yana da faɗa, kada a ɓoye. "Sai mutum ya kusa cikawa sannan ku tuna akwai mota!" Haka yake yi wa dangin mara lafiya tun daga ƙofar gida har bakin kwalta, su kuwa suna ba shi haƙuri suna sa masa albarka.

Wata damina amai da gudawa suka shigo yankin. Muntaka na ta sawu, bai lura sosai ba cewa matarsa Kulu kullum tana can gidan iyayenta a unguwar gaba, tana dawowa ido jajir. Yakan ce, "Yaya mutanen gida?" ta ce lafiya lau, shi kuma ba ya tona zancen gidan surukai fiye da haka. A rana ta uku da hantsi ta durƙusa a gabansa.

"Inna ce. Ko ruwa ba ya zama a cikinta."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana uku. Ita ta hana a faɗa maka."

Inna Hure mutuniyar da ce. Kulu ce 'yarta ta fari, ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba, balle na mijinta. Shekara ashirin da shida Muntaka na tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin zaure ya gaishe ta, ita kuma ta amsa daga bayan zana da kalma ɗaya. In ta hango motarsa a hanya, gona take ratsewa.

"Ta ce gara ta mutu a ɗakinta," in ji Kulu, "da a ce mijin 'yarta ya ji tana roƙon a tsaya za ta zaga. Wai a sa ta a amalanke."

Amalanke rabin yini ne cikin rana, kuma mai wannan ciwo ba ta da rabin yini. Faɗa ya taso masa har wuya, ya rasa wanda zai sauke wa, don ba a yi wa suruka tsawa. Tsoro ya kama shi. Ya tashi ya ɗauko tabarma ya ɗaure ta da igiya a bayan kujerarsa a cikin motar, daga wannan taga zuwa waccan. Ya cire hularsa ya cusa wa madubi. Ya shimfiɗa katifa a baya.

"Je ki ce mata ba na gani, ba na ji. Ƙarar motar nan ta kurmantar da ni tuntuni."

Ya kai motar ƙofar gidan surukansa ya bar ta a kunne, ya zagaya bayan katanga, har Kulu da ƙanwarta Huseina suka kinkimo tsohuwa suka kwantar.

Ba su yi nisa ba ya ji ana raɗa a bayan tabarma, ya ji nishin da ake dannewa. Ya san Inna za ta iya haɗiye ranta ba ta ce a tsaya ba. Sai ya ratse gefen wata gona mai dogon gero, ya buga sitiyari.

"Kai, motar nan ta yi zafi! Bari in nemo ruwa."

Ya ɗauki jarka ya yi nisa, ya tsaya ya ba su baya. Kashe injin ba zai yiwu ba, don mata biyu da mara lafiya ba za su tura bas a cikin yashi ba. Yana tsaye yana jin ta tana shan man da gari ya tara, kowace ƙara kamar a jikinsa ake yanka. Sai da ya ji an ja ƙofa sannan ya dawo, yana mitar lagireto da ƙarfi don a ji.

Sau huɗu motar ta yi irin wannan zafin. A na huɗu allurar mai ta kwanta gaba ɗaya, ga sauran tafiya. Ya hau kwalta yana salati, duk ɗan gangaren da ya samu sai ya zare giya ya bar ta ta sulala. Suna hango ƙofar asibitin Ɗanbatta ta yi tari biyu ta mutu. Masu shayi da masu jiran marasa lafiya suka taso suka tura ta har ciki. Da za a fito da Inna, Muntaka ya juya yana nazarin bango.

Kwana huɗu ana yi mata ƙarin ruwa, leda bayan leda, kafin ta iya zama ta sha koko. Man komawa gida kuwa, ɗan akuyar Muntaka ne ya tafi kasuwa.

Ranar sallama tabarma na nan a ɗaure, kuma ba a tsaya ko sau ɗaya ba. Da suka iso ƙofar gida ya kama marfi zai fita ya ɓuya kamar wancan karon, sai wata siririyar murya ta fito daga bayan tabarma.

"Baban Furera."

Furera ita ce autarsu. Bai taɓa jin Inna ta kira shi da kowane irin suna ba. Ya yi maza ya zame takalmansa, ya nemi wurin tsugunawa a ƙarƙashin sitiyari ya rasa.

"Na'am, Inna."

"Shekara goma na yi da injin markaɗe a gidan nan. Injin da ya yi zafi kashe shi ake yi."

Kunya ta rufe shi.

"Ka rufa mini asiri," ta ce. "Allah ya rufa naka duniya da lahira. Allah ya ba 'ya'yanka wanda zai yi musu abin da ka yi mini."

Kulu ta fashe da kuka. Muntaka ya kifa goshi a kan sitiyari yana amin, amin, bai ɗago ba sai da ya ji an shige da ita gida.