Molon da Kawu Ya Ƙarasa

A shekarun da babban yatsana ya ƙi warkewa, ina ƙaramin akawu ne a ofishin gona na Birnin Kebbi. Lokacin komai sai an jira Sakkwato, ko tawada ce ta ƙare. Ni kuwa jira ba ya cikin halina. Kan tebur nake wuni ina buga gefen yatsa, har babban akawu ya ce in aljanu gare ni in faɗa a nema mini magani.

Ba aljanu ba ne, gitar bes ce. Muna da 'yar ƙungiyar kiɗa da ke yi wa ma'aikata wasa in an yi wa wani canjin wurin aiki ko ƙarin girma. Mai ƙungiyar tsohon soja ne, mai busa kakakin Turawa, Saje muke ce masa. Kayan kiɗan duk nasa ne, kuma bes ɗin nan ita ce 'yar lelensa. Daga Legas ya taho da ita, ja wur, mai nauyi kamar turmi. Da hannunsa yake goge ta, sannan ya rataya mini a wuya kamar yana ba ni riƙon 'yarsa.

Sai wani sabon bugu ya shigo a kaset. Maimakon a ja tsirkiya a hankali, sai a mare ta da gefen babban yatsa, a fizgo ta ƙasa da manuni, ta yi tsalle kamar kalangu. Samari suka haukace a kansa, kowa sai ya ce mu yi masa irin na kaset. Na zauna na koya, amma gitar ta ƙi ni. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai wani ɗan baƙin akwati mai maganaɗisu, fikof, shi ke ɗaukar sautin ya kai lasifika. Na wannan gitar ya taso sosai. In na mara, tsirkiya ta daki kansa ta yi ƙas, in na sa manuni zan fizgo babu wurin shiga, gefensa kuma ya yi ta yankar mini yatsa. Na ɗaure notinsa har ƙarshe, bai sauka yadda nake so ba, don ramin da yake zaune a ciki ba shi da zurfi.

Wata rana bayan gwaji Saje ya dubi tsumman da na naɗe yatsa da shi.

"Akwai wani yaro a Sakkwato," in ji shi. "An ce ya iya wannan abin. Wasan ƙarshen wata, in ba ka kawo bugun nan ba, zan aika a kira shi."

Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi. Bes ɗin nan ita kaɗai ce abin da nake yi a duniya da ba a jira sa hannun kowa. Na ji tsoro, tsoro na gaske.

Na roƙe shi ya bar ni in tafi da ita gida in yi ta gwaji, ya yarda da ƙyar. Ban nufi gida ba, wurin abokina mai gyaran rediyo na nufa. Ya kwance tsirkiyoyi, ya cire faifan robar da ke rufe gaban gitar, ya zare fikof da wayoyinsa ya zuba a gwangwanin madara. Ya leƙa ramin ya ce abin da ake bukata kaɗan ne, a ƙara masa zurfi kamar kaurin ɗan yatsa. Amma shi ba ya taɓa katako, in nemi mai hannu.

Mai hannu kuwa ina da shi. Kawuna, yayan mahaifiyata, masassaƙin jiragen ruwa ne a Argungu, yana kuma sassaƙa wa makaɗa molo da kalangu. Ranar Asabar na naɗe gangar gitar a zane na shiga mota. Duk tsayawar da direba ya yi don ɗaukar buhun albasa sai in ji kamar in sauka in tura motar.

Na same shi a bakin gulbi ƙarƙashin inuwa, yana cikin wani jirgi da bai gama ba, sai kansa ake gani. Bayan gaisuwa na kwance zanen. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kasa kunne.

"Wanga mi ne?"

"Molon Turawa ne, Kawu."

"Molo? To ina cikinai?"

Na yi masa bayani da sauri-sauri cewa ita wannan da lantarki take magana. Na ɗauki gawayi na zagaye ramin, na nuna masa kaurin yatsana, na ce iyakar abin da nake so ke nan. Ya ce ya ji. Na ƙara maimaitawa, ya ce ba kurma ba ne shi. A cikin surutuna har na yi ƙorafin cewa nauyinta na karya mini kafaɗa.

Na nemi wuri zan zauna, ya ɗago ya dube ni.

"Ka gaida innoninka? Ka gaida goggonninka? Tashi ka tahi. Ba ni aiki mai kaya na tsaye bisa kaina."

Haka yake, kowa ya sani. Kuma ba a shiga Argungu a fita ba a zaga dangi ba, in ka tsallake gida ɗaya maganar za ta riga ka isa Birnin Kebbi. Na shiga zagaye. Wannan gida a kawo fura, wancan tuwon shinkafa da kifi, kuma ba ka isa ka ce ka ƙoshi ba. Wata goggo ta riƙe ni tana ba ni labarin rigimar gonarta ta fadama tun daga kakanni. Ina ta cewa ikon Allah, ƙafata tana rawa, kunnena yana bakin gulbi. Har cewa ta yi ko fitsari nake ji.

Sai bayan la'asar na kuɓuta. Tun daga nesa na hango jajayen ɓawon fenti a cikin tarin sassaƙe, da yawan da bai kamata ba. Na ƙara sauri.

Kawu na zaune ya ɗora ta a cinya yana shafawa. Ramin da na zana ya yi shi daidai, ba ƙari ba ragi. Amma bai tsaya nan ba. Duk inda faifan roba ke rufewa ya rarake shi, ya bi ta ƙarƙashi ya yashe cikin katakon har gefe-gefe, sumul kamar cikin ƙwarya. Gitar Saje ta zama ɗan ƙaramin jirgi.

"Waɗanda sunka yi shi ba su ida aikinsu ba," ya ce, fuskarsa cike da murna. "Icce ɗanye haka ba shi magana, ɗana. Ji nan."

Ya ƙwanƙwasa, ta amsa masa kwam-kwam. Ya miƙo mini, hannuna ya yi sama da ita don rashin nauyi.

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki, sai na ga hannuwansa, da gumin da ya jiƙa masa riga. Ya bar jirgin mutane ya ba ni wuninsa. Duk abin kiɗan da ya taɓa riƙewa a rayuwarsa mai ciki ne, a wurinsa barin katako cunkus ha'inci ne. Na haɗiye abin da zan faɗa na ce Allah ya saka da alheri. Ya ce ba komai, ai ɗa na kowa ne, balle nasa.

Mai gyaran rediyo da ya gani sai da ya yi salati, sannan ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya manna ɗan guntun katako a inda fikof zai zauna don noti ya sami abin kamawa, ya yanko robar tsohon silifas ya shimfiɗa masa, ya mayar da wayoyi da tsirkiyoyi. Faifan roba ya rufe komai, ido ba zai gane ba. Muka jona ta a lasifika, na mara.

Wallahi ban taɓa jin abu kamar haka ba. Yatsana ya sami fili, manuni ya shige ya fito ba abin da ya tare shi, kuma a ƙarƙashin kowane mari akwai wani gum mai daɗi da da babu shi. Na yi ta bugawa har masu shagunan kusa suka taru. Murna da tsoro suka haɗu mini, na rasa wanda zan bi.

Kwanakin da suka rage na yi ta ƙirƙiro dalilan da za su hana Saje riƙe ta. Ni ke zuwa da ita, ni ke tafiya da ita, har gogewar na karɓe.

Wasan da yamma aka yi shi, a filin wani kulob na ma'aikata. Da muka shiga kiɗa na biyu Saje ya yi mini alama da ido, na saki hannu. Manyan mutane masu manyan riguna suka bar kujerunsu. Na ga Saje ya sauke kakakinsa yana kallona yana murmushi, abin da ban taɓa gani ba.

Da aka tashi ya nufo ni.

"Yau ka fitar da ni kunya," ya ce. "Kawo in sauke maka da kaina."

Kafin in ja da baya ya kama ta. Ya ɗaga da ƙarfin da ya saba, ta tafi sama kamar za ta kuɓuce masa. Murmushin ya ɗauke. Ya auna ta a hannu, ya ƙwanƙwasa faifan, ta amsa masa kwam-kwam. Ya sa aka kawo sukundireba, ya kwance a gaban kowa, ya daɗe yana kallon cikin.

"Aikin wa ne?"

"Ni na kai ta, Saje."

Ya mayar da notin ɗaya bayan ɗaya, ya goge ta da hankicinsa.

"Kiɗi ya yi," in ji shi. "Amma wanda zai huda mini kaya bai tambaye ni ba, ba zai ƙara riƙe su ba."

Yaron Sakkwato ya zo a sati na gaba. Na je na tsaya a bayan taro na saurare shi. Ya iya, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ji yana gaya wa mai ganga cewa bai taɓa riƙe bes mai sauƙin mari irin wannan ba, ko a Kaduna. Na koma ofis na ci gaba da bugun tebur, yatsana ya warke sarai.

Kawu ya yi shekaru bayan haka. Duk wanda ya zauna a inuwarsa sai ya ji labarin yadda ya ƙarasa wa Turawa aikinsu. Kuma duk zuwan da na yi Argungu, kafin ya tambayi mahaifiyata sai ya ce:

"Ya molonka?"

In ce, "Shina magana, Kawu."

Ya gyaɗa kai ya koma cikin jirginsa.