Malam Isuhu Mai Tsintar Ƙwallon Mangwaro Ya Tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Isuhu ya rasu.

Na rubuta layin nan na goge ya fi sau uku, don har yanzu zuciyata ba ta karɓa ba. Da safen nan ina shirin karyawa wayata ta yi ƙara. 'Yarsa Hadiza ce. Ko sallama ba ta iya ƙarasawa ba.

"Baba Sani, Baba ya tafi."

Na ce, "Ya tafi ina?"

Wallahi haka na tambaye ta. Na ɗauka ya hau kekensa ya fita bai faɗa musu ba, kamar yadda ya saba.

Ta ce da ƙafarsa ya dawo daga sallar asuba, ya yi karatunsa, gari ya waye ya zauna a tabarma ya ce a kawo masa koko. Kafin ta zuba ta fito ya kishingiɗa. Shi ke nan. Ba zazzaɓi, ba asibiti, ba komai.

Mutumin da shekaranjiya muka yi waya muna dariya.

Da yawanku ba ku san shi ba. Ba ya soshiyal midiya, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, in ban faɗa yau ba ban san ranar da zan iya ba.

A ƙarshen shekarun saba'in na fara aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, sashen rini. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na gama sakandare, ina ganin duk wanda ya zo daga ƙauye a bayana yake. Shi kuwa ya girme ni da kusan shekara goma, injinmu ɗaya.

Lokacin bazara ne, mangwaro ya cika bakin get. Muna hutun rana na sha ɗaya na yi jifa da ƙwallon. Sai ga wannan dogon mutumin ya tashi, ya je ya ɗauka, ya karkaɗe ƙasar.

"Ka gama da shi?"

Na ce, "Malam, in yunwa kake ji in saya maka sabo."

Bai ji haushi ba. Ya sa ƙwallon a aljihu ya ce, "Icce ne ka yar."

Haka yake kiran bishiya, icce, don mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye arewa da Damagaram. Mun daɗe muna tsokanarsa da kalmar.

Daga baya na ji abin da ya kawo shi Kano. Babban farin nan na farkon shekarun saba'in ne ya kore su. Sun sassare bishiyoyin garinsu don dabbobi su ci ganye, dabbobin suka mutu duk da haka, rairayi ya shigo har tsakar gida. A hanyar tahowa ya binne 'yarsa ta fari. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin nan, bai sake ba.

A bayan masallacin ma'aikata akwai wani fili da ake jibge tsofaffin ƙarafa da durom-durom. Ya yi ta sintiri ofishin manaja har aka gaji aka ce ya je ya yi abin da ya ga dama da shi. Ya haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa filin, yadda ruwan da muke zubarwa sau uku a rana zai gangara can maimakon ya bi kwata. Ya tara gwangwanayen madara da na tumatir, ya huda gindinsu, ya cika da ƙasa da taki. Mangwaro, goba, darbejiya, zogale, tsamiya. A gefe ya ja fangalai na alayyafo da yakuwa.

Da farko dariya muke masa. Kafin shekara biyu mu ne da fartanya a hannu.

Duk bazara, daga zafi ya fara har ruwan farko ya sauka, kowace Lahadi da safe gayya ce. Masu aikin safe, masu aikin rana, mutanen ƙauyukan Kumbotso, 'yan Ringim da Gumel, har ma'aikatan majemu daga Challawa da wasu daga Bompai suna zuwa a kan kekuna. Wani na share fili, wani na cika gwangwani, wani na haɗa taki da ɓawon mangwaro da guntun abinci. Matan da ke sayar mana da abinci a bakin get su zo da kunun zaƙi a cikin tulu, su koma da ganyen miya.

Ranar da aka yi ruwan shuka kuwa, sai ka ga kekuna suna fita daga get, kowa da gwangwani biyu ko uku ɗaure a baya. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Sharaɗinsa guda ne: ka faɗa masa inda za ka dasa, don zai zo ya duba.

Kuma yana zuwa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Iyalina ma ba su sani ba.

Wata bazara famfon masallaci ya ɗauke, kusan wata guda ba ɗigo. Muka raba kwanaki, kowa da ranar da zai ɗebo ruwa a garwa daga wata rijiya mai nisa. Sawu shida ne kafin a gama. Ranar da ta faɗo kaina ina sauri, don ina da alƙawarin zuwa zance gidan su Binta, wadda yau ita ce uwar 'ya'yana. Na yi sawu biyu, rana ta buɗe, kafaɗata ta ɗauki zafi.

Ga kwatar kamfani nan tana wucewa ta bayan katanga. A ranar, farin yadi ake wankewa, ruwan ya fito garau kamar na famfo. Amma ni ɗan sashen rini ne. Na san abin da ke cikinsa.

Na waiga ba kowa, na ɗiba.

Bayan kwana uku ganyayyaki suka nannaɗe. Kafin Lahadi kusan duk irin da muka yi wata biyu muna reno ya ƙone ƙurmus.

Mutane suka taru ran Lahadi, rai a ɓace. Wani ya ce aikin Malam Buba ne, tsohon da ke gadin get, don ya sha yin ƙorafi cewa lambun nan yana tara masa jama'a ranar hutu. Magana ta yi zafi. Aka fara cewa a je wajen heluma, shugaban ma'aikata, gobe a sa a kore shi. Tsoho da iyali tara a wuyansa. Yana tsaye yana rantsuwa.

Ni ina nan a cikin taron. Ban ce uffan ba.

Malam Isuhu ya tsugunna, ya ɗebi ƙasar gwangwani ɗaya ya shinshina, ya zubar, ya miƙe.

"Ba wanda zai je wajen heluma. Ku bar bawan Allah. Ba shi ba ne."

Aka ce to waye?

Ya ce, "Ku kawo baro, ƙasar nan sai an kwashe ta."

Kwana biyu na kasa cin abinci. A na uku, bayan mun tashi aiki da la'asar, na bi shi har ɗakin da yake haya a Na'ibawa. Na same shi yana wanke gwangwanaye. Na fara kame-kame, ya tare ni.

"Na sani, Sani. Warin sashenmu ne a ƙasar. Kuma cikin masu ban ruwa, daga ni sai kai ne 'yan rini."

Na ce, "Yaya Isuhu, me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗa, ba ka ƙara tako lambun. Ga iri ya mutu, ga mutum ya tafi. Ni na yafe. Amma Malam Buba ba ni zan yafe maka nasa ba."

Washegari na je na tsugunna gaban tsohon a ɗakin gadi na faɗa masa komai. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Kana tsaye a wurin ranar?" Na ce ina tsaye. Ya ce, "To tashi, Allah ya yafe mana." Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Lahadi uku muka yi muna kwashe ƙasa muna kawo sabuwa. Dashen shekarar ya makara, amma an yi. Kuma Malam Isuhu, a gaban kowa, ni ya ɗora a kan tsarin ban ruwa. Ba wanda ya san dalili.

Bai tsaya nan ba. Ya ce in ruwan kwata ya yi wa iri haka a cikin gwangwani, me yake yi wa masu lambu da ke ƙasa da mu? Ya sa ni na rubuta wa manaja takardar koke da Turanci, muka bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, mai sa hannu ya sa, mai dangwala yatsa ya dangwala. Aka kira shi ofis aka tuna masa cewa shi baƙo ne a ƙasar nan. Ya dawo bakin inji ya ci gaba da aikinsa. Bayan wata guda ya sake kai takardar.

A ƙarshe an haƙa wani rami da ruwan ke kwanciya kafin ya fita. Ba zan ce ya magance matsalar ba, bai magance ba. Amma da babu shi ko wannan ba za a yi ba.

Da aka fara rage ma'aikata a tsakiyar shekarun tamanin, ina cikin na farko. Binta na da goyo. Duk Juma'a sai ga shi a ƙofar gidanmu da damin alayyafo da zogale, wani lokaci da 'yan tumatir. Ya ajiye ya ce, "Sun yi yawa ne, za su lalace."

Ba su yi yawa ba. Na san girman fangalan.

Shi ma bai daɗe ba aka sallame shi. Yau filin nan sito ne, an malale shi da siminti. Na taɓa yi masa maganar cikin takaici, ya ce, "Ai iccen ba a can yake ba, yana gidajen mutane."

Ganinmu na ƙarshe kwana tara ke nan. Ya zo mini Hotoro a adaidaita sahu da tukwanen iri guda huɗu a ƙafarsa. Ya haura tamanin amma shi ya sauko da su, ya hana ni taɓawa. Yana shigowa ya ga na shimfiɗe tsakar gida da bulon intalok, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Sani, ƙasa laifin me ta yi maka?"

Na ce yara ne suka matsa, wai saboda taɓo. Ya girgiza kai.

Muka zauna. Ya ba ni labarin samarin unguwarsu da suka haɗa ƙungiya, za su yi dashen bazara a filin firamare ran Asabar ɗin nan, sun ce shi zai nuna musu yadda ake haƙa rami da zuba taki. Murna yake kamar an ba shi kujerar Makka. Na ce ya riƙa hutawa, jiki ya tsufa. Ya ce, "Hutu na nan zuwa, ba sai an je nemansa ba."

Aka kawo masa ruwa, ya sha rabi, ya tashi ya juye ragowar a gindin gobar da ke kusurwar gidana. Ya ɗaga kai ya dube ta.

"Reshen nan ya yi mata nauyi. Kada ka taɓa, kai ba ka iya ba. In na dawo zan zo da zarto."

Na raka shi bakin titi. Ya shiga, ya ɗago mini hannu.

Ban riƙe hannun nan na daɗe ba. Ban ce na gode ba. Shekara arba'in da wani abu, ban taɓa zaunar da shi na ce masa na gode ba, kullum ina ganin akwai gobe.

Hadiza ta ce za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa a Na'ibawa, ana jiran babban ɗansa ya iso daga Zariya. Ina zaune ina jiran a zo a kai ni, don yau ba zan iya tuƙi ba.

Samarin Na'ibawa, in wani cikinku ya ga wannan, don Allah kada ku ɗaga na ran Asabar. Zan zo. Ban kai shi iyawa ba, amma abin da ya koya mini zan nuna muku.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Isuhu. Ya zo ƙasar nan ba shi da kowa, ya rufa wa mutane asiri, ka rufa masa nasa. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi. Duk wanda ya ci 'ya'yan abin da ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba, ka kai masa ladan. Ka haɗa shi da 'yarsa da ya bari a hanya. Ka ba Hadiza da 'yan uwanta haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Jama'a, ko ba ku san shi ba, ku taimaka ku sa shi a addu'a. Tsofaffin ma'aikatan Sharaɗa, Challawa da Bompai da ke raye, a sanar da juna. Wanda ya samu hali ya karanta masa Ƙulhuwallahu, ya ambaci sunansa: Isuhu ɗan Mamman.